Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Gilashin Chihuly

A birnin Seattle na Amurka, dab da hasumiyar Space Needle, akwai gidan baje koli mai suna Chihuly Garden and Glass, wanda aka buɗe a 2012. Kayan cikinsa aikin Dale Chihuly ne, gwanin sarrafa narkakken gilashi, haifaffen Tacoma a 1941. Hatsarin mota a Ingila a 1976 ya raba shi da ganin idonsa na hagu, amma bai raba shi da sana'ar ba.

Ga mai ɗaukar hoton mutane, ɗakin Persian Ceiling ya cancanci a daɗe a cikinsa. Gilasai masu launi ne jibge a rufi, fitilu na haskowa ta samansu, ja da ruwan ɗorawa na zuba a fuskar duk wanda ya tsaya ƙasa. Filashin kyamara yana wanke wannan launi nan take, don haka gwani kan kashe shi, ya sa mutum ya ɗan ɗaga haɓa. Sannan ya auna haske daga kunci, musamman ga mai duhun fata. In ba haka ba, kyamara za ta bi hasken rufi, fuska ta fito baƙa ƙirin.