Rina Rubutu a Allon Kwamfuta: Misali Daga Harshen Python

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa launin da muke gani a rubutun allon kwamfuta ba a jikin haruffa yake ba. Umarni ne da manhaja kan cusa a tsakanin haruffan domin allo ya bi. An fitar da ƙa'idar wannan umarni a 1976 da sunan ECMA-48, hukumar ANSI ta Amurka kuma ta fitar da tata a 1979.

Umarnin yakan fara da alamar ESC, mai lamba 27 a tsarin ASCII, sai alamar [, sai lamba, sannan harafin m ya rufe. Lambobi 30 zuwa 37 na launin harafi ne, 40 zuwa 47 kuwa na launin bayansa. Alal misali, 31 ja ne, 32 kore, 1 tana kaurara harafi, 0 kuwa tana share duka. A Python mukan rubuta:

print("\033[31mHattara\033[0m")

A nan 033 ita ce 27 a ƙidayar takwas-takwas.

Abubuwa biyu ne za mu kiyaye. Na farko, allo ba ya mantuwa: in aka bar 0, duk abin da ya biyo baya ja zai fito. Na biyu, in aka juya rubutun zuwa fayil, babu allon da zai fassara umarnin, sai ya zauna cikin bayanan ya gurɓata su. Saboda haka wajibi ne manhaja ta fara tabbatarwa da sys.stdout.isatty() cewa allo take yi wa rubutu, kafin ta rina.