Gargaɗi ga masu riƙon sabar a Agadas: ku duba kafin ku kulle ofis ranar Juma'a

'Yan uwa masu kula da kwamfutoci a bankuna, wuraren aika kuɗi, asibitoci, jami'a da ƙungiyoyin agaji na Agadas, Arlit da Cirozerin, da ku nake, kuma maganar ba ta jiran Litinin. Mai yiwuwa yanzu haka wani ya yi lamo cikin sabar ɗinku, yana karanta wasiƙun gidan, ba wanda ya sani.

Ba tsoratarwa nake ba. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB da sashen tsaro na Orange sun fitar da rahoto kan wani gungun ɓarayi masu jin Faransanci da aka laƙaba wa OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, suka yi awon gaba da aƙalla dala miliyan 11. Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Mali, Burkina Faso, Benin da Najeriya. A 2023 an kama wani da ake zargin jigonsu ne a Kodebuwa. Mutum aka kama, dabarar tana nan ga duk mai so.

Kuma dabarar ba wani tsafi ba ce. Wasiƙa ce cikin Faransanci mai tsabta, kamar daga ofishin haraji ko daga mai neman aiki. Ma'aikaci ya danna abin da aka maƙala, shi ke nan. Ba sa gaggawa. Sukan zauna wata uku har shekara suna koyon gidan: wa ke shigar da kuɗi, wa ke sa hannu, ƙarfe nawa ake tashi. Ranar ɗiba sai su zaɓi ƙarshen mako ko hutun biki, su zuba kuɗin cikin asusun 'yan koren da suka tanada, a kwashe ta injin cirar kuɗi kafin ku dawo.

Na san abin da ake faɗa: mu da ke bakin Tenere, sama da kilomita 900 daga Yamai, wa ya san da mu? Manhajar da ke laluben ƙofofin da aka bari a buɗe ba ta san hamada ba, lamba take bi ɗaya bayan ɗaya, dare da rana. Garin da kuɗin zinaren Jado da Cibarakaten ke ratsawa kuwa bai isa ya kira kansa lungu ba.

Kwanaki aka kira ni wani ofis, wai sabar tana nauyi. Na iske ta ƙarƙashin tebur kusa da butar shayi, ƙura ta toshe mata fanka kamar an yaɓa laka. Windows Server 2008 R2 ce a ciki, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Kalmar sirrin shugaba tana rubuce a 'yar takarda, an liƙa jikin allo. Ƙofar 3389 a buɗe take ga duniya, an buɗe ta ne don wani mai gyara daga Yamai ya riƙa shiga daga nesa. Ya daɗe da barin aikin, asusunsa na nan da rai. Da na tambayi ajiyar bayanai, sai aka nuna mini faifai ɗaya da ke jone jikin sabar ɗin kanta. Ranar da masu kulle bayanai don neman fansa suka shigo, tare za su haɗa uwa da 'ya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amsar da aka ba ni da na ga na'urar tana tashi da kanta cikin dare: wuta ce. A nan komai wuta ce. Gaskiya ne ana ɗauke wuta, zafi kuma yana kashe batir, amma wannan uzurin ya zama bargon da ɓarawo zai lulluɓa da shi. Kada ku yarda da "wuta ce" sai kun buɗe rajistar na'ura kun ga abin da ya faru a wannan sa'ar, da wanda ya shiga kafinta.

Yau ɗin nan, ku fitar da jerin duk asusun da ke da ikon shugaba, ku karanta sunayen ɗaya ɗaya. Wanda ya bar aiki, da ɗan koyon aikin bara, da sunan da ba wanda ya gane shi, a rufe. Ku toshe 3389. Mai son shiga daga nesa ya bi ta VPN, da tabbaci na biyu a wayarsa. Masu MikroTik, ramin Winbox da aka gano a 2018 yana ba baƙo kalmomin sirrinku. In ba ku sabunta ba tun lokacin, ku sabunta, ku canza kalmomin duka, ku hana ƙofar 8291 kallon waje. Gyaran tsaro na Windows Server 2012 ya ƙare a Oktoban 2023, na CentOS 7 a Yunin 2024. Kar ku raina sabuntawa: Microsoft ta fitar da maganin ramin WannaCry a Maris na 2017, cutar ta ɓarke a Mayu, ta durƙusar da asibitoci a Ingila da ba su sa maganin ba.

Ajiya kuwa, a yi kwafi a cire shi daga jikin na'ura, a kai wani ɗaki, a nannaɗe saboda ƙura. Sannan ku gwada maido da fayil ko ɗaya ne, ku gani da idonku yana buɗewa.

In kun ga alamar baƙo, kada ku goge komai, kada ku kashe na'urar. Ku zare wayar intanet, ku kira shugabanku ta waya, ban da imel, don wataƙila tare kuke karantawa da ɓarawon. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, a kai ƙara ga 'yan sanda da rajistar a hannu. In bayanan mutane sun fita, a sanar da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Wannan Asabar da Lahadi a bar mutum ɗaya da wayarsa a kunne, wanda ke da ikon dakatar da fitar kuɗi ba tare da ya jira kowa ba.