Ƙidayar 'Yan Makaranta A Sakandaren Ƙauye

Jama'a, yau za mu yi magana a kan ƙaramar makarantar sakandare ta gwamnati, irin ta jeka-ka-dawo da ake ginawa a ƙauye. Su wane ne a cikinta? Don me ake ƙidaya su?

Kowace makaranta tana da littafin rajista. Ran da aka kawo yaro, sai a rubuta sunansa, da na ubansa, da shekarunsa, da garinsu. Kullum da safe malami yakan kira suna, wanda ya amsa a sa masa alama. Sau ɗaya a shekara kuma akan tara lissafin nan, maza dabam mata dabam, a aika Ma'aikatar Ilmi ta jiha.

Sakandare aji shida ce. A Nijeriya tun 1982 aka raba ta biyu, watau ƙarama aji uku, babba aji uku. A 2004 aka yi doka cewa shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma tilas ne ga kowane yaro, namiji ko mace.

To, bari mu buɗe rajistar nan mu gani. Yawancin yaran 'ya'yan manoma ne. Akwai na 'yan kasuwa, da na maƙera, da na mahauta. Waɗansu daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, a ƙasa ko bisa keke. 'Ya'yan makiyaya ba su da yawa, gama iyayensu suna tashi da shanu. Saboda su ne aka kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989.

In muka duba da kyau, za mu ga abu biyu. Na fari, aji ɗaya cike yake, amma kafin a kai aji shida an ragu. Na biyu, 'yan mata sun fi saurin raguwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da damina akan janye yaro zuwa gona. Bayan kaka wani ya tafi ci-rani. Yarinya kuwa, ko talla ta riƙe ta, ko a yi mata aure, ko iyaye su ji tsoron nisan hanya.

Me wannan ke jawowa? Ku sani, gwamnati ba ta ganin yaro da ido, sai a takarda. Da lissafin nan take raba malamai, da benci, da littattafai. Ƙa'ida ita ce malami ɗaya ga yara 40. A ce aji ɗaya yana da yara 120, hakkinsu ɗaki uku ne da malami uku. In 40 suka daina zuwa aka soke sunansu, hakkin ya koma biyu. Ashe wanda ya cire ɗansa ba shi kaɗai ya yi hasara ba, ya rage wa ƙauye duka rabonsa.

Saboda haka, mu kai 'ya'yanmu a rubuta su tun farkon shekarar karatu. Mu riƙa leƙawa muna tambayar malami ko suna amsa suna. Wanda muka sa a aji ɗaya, mu daure mu bar shi ya kai aji shida. Allah ya ba mu iko.