Dausayin Baturiya da Baƙinsa

Garin Brighton da ke bakin teku a Ingila, da can matsugunin masunta ne. Wajen shekarar 1750 wani likita, Richard Russell, ya yaɗa cewa wanka da ruwan teku magani ne, sai masu hali suka fara zuwa. Da layin dogo ya iso daga Landan a 1841, talakawa ma suka kwararo, garin ya bunƙasa. Wato ruwa ne ya jawo baƙi, hanya kuma ta kawo su.

Mu a ƙasar Haɗeja ba mu da teku, amma muna da dausayi. Ɗalibin da ya taso daga Kaugama ya wuce Haɗeja ya nufi Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, zai tarar da shi. Kogin Haɗeja yana barin ƙasa mai duwatsu ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi. A nan gudunsa ke raguwa, ya rarrabu, ya malale fadamu a watannin Agusta da Satumba. Idan ruwan ya fara janyewa sai ya bar tafkuna marasa zurfi, cike da kifi da ƙwari da tsaba.

Wannan abinci ne ke kiran tsuntsaye. Da hunturu, agwagin ruwa na Turai sukan ƙetare hamadar Sahara su sauka nan, su tarar da kirinjijiya da zalɓe, 'yan gida. Bayan tsuntsaye kuma sai mutane: Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona, a ɓangaren dausayin da ke Jihar Yobe a yau, a 1989. A 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Sai dai akwai bambanci. Tekun Brighton ba ya ƙafewa, alhali dausayinmu sai an yi ambaliya yake rayuwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki da rani kuwa ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai, har wasu tafkuna suka bushe, wasu gonaki kuma ruwa ya kwanta a cikinsu. A ganina, gina masauki da gyara hanya ba su ne aikin farko ba. Na farko shi ne a riƙa sakin ruwa daga madatsun a lokacin da kogin ya saba cika, don asarar ba ta tsaya kan baƙo mai kallon tsuntsu ba, ta haɗa da masunci da manomin shinkafa da makiyayi.