Masassarar da ba ta sauro ba: a duba cizon kaska

Da damana ta sauka, duk wanda jikinsa ya yi zafi sai a ce sauro ne. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai makiyayin da zai je gidan likita, a yi masa gwajin jini, a tarar babu cutar sauro, ga shi kuwa kai na sara, jiki duk ciwo. Ya koma ruga, ya sayi ƙwayoyi a kasuwa, mako ya wuce yana kwance, garke babu mai kora.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo irin wannan masassara ga manya shi ne ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira riketsiya. Ba sauro ke ɗauke da su ba. Kaska ce, ko ƙumar ɓera, ko ƙwarƙwata. Wadda ta fi shafar masu kiwo ita ce babbar kaska mai zane a baya, wadda ke maƙalewa a hantsa, ƙarƙashin wutsiya da matsematsin shanu. Ita ce ke buɗe wa kirci hanya a fatar bisashe, ita ce kuma ke sa wa tumaki da awaki cutar da ke tara ruwa a zuciya. Ta fi yawa da damana, a wurare masu danshi da doguwar ciyawa, irin waɗanda garkuna ke ratsawa in sun gangara kudu. Ƙananan ƴaƴanta kan ciji mutum bai ma sani ba.

Masassarar kan taso kwana 5 zuwa 10 bayan cizo. Babbar alama ita ce ɗan gyambo mai baƙin ɓawo, kewaye da ja, kamar ƙunar taba, kuma ba ya cika zafi. Yakan ɓuya a hammata, matsematsi, bayan gwiwa ko cikin gashin kai. Kaluluwa kan fito kusa da shi. Wani lokaci ƙananan ƙuraje su feso a jiki.

Gwajin wannan cuta ba ya samuwa a ƙananan gidajen likita, don haka bayanin da kuka bayar shi ne jagora. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya cewa kiwo kuke yi, ku faɗi inda kuka bi da garke, ku nuna gyambon ko da a wurin kunya yake. Maganin sauro ba ya kashe riketsiya, amoksisilin ma haka. Doksisiklin ne aka saba bayarwa, kuma galibi jiki kan yi sanyi cikin kwana 2 zuwa 3. Likita ne zai rubuta shi, mai juna biyu kuma ta sanar da shi tun farko. Kada a sha ko a yi wa mutum allurar teramisin ta bisashe. Wasu nau'o'in cutar, in aka yi jinkiri, suna taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, har su yi kisa, musamman ga tsofaffi.

Riga-kafi yana farawa daga garke. Kowace yamma ku duba jikinku da na yara masu kiwo. A kama kaska dab da fata, a ja ta a hankali, a wanke wurin da sabulu. Kada a murtsuke ta da yatsu, a jefa ta wuta. Ƙungiyar makiyaya kuma ta tsara feshin garkuna a tare, da shawarar likitan dabbobi, ba a manta da karnuka ba, domin garke ɗaya da aka bari yakan mayar wa sauran kaska a mashaya.