Hutu a Zanzibar: Abin da ya kamata matafiyi ya sani

Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ya yi suna da farin yashi da hasken rana, sai dai daɗin hutun ya danganta da lokacin zuwa da wurin sauka.

Daga Maris zuwa Mayu ake tafka ruwan sama, shi ya sa baƙi suka fi zuwa tsakanin Yuni da Oktoba. A gabashin tsibirin, kamar Paje, teku kan janye nesa sau biyu a rana, amma a Nungwi da ke arewa ana iyo kusan kowane lokaci.

Tun 1 ga Oktoba, 2024, hukumomin tsibirin suka wajabta wa baƙi sayen inshorar dala 44. Mafi yawan mazauna Musulmi ne, don haka ake son baƙo ya suturta jikinsa a cikin gari.