Ƙaiƙayin da ba sanyi ba ne: cutar fatar al'aura da ke gabatar sankara

Idan ƙaiƙayi ya addabi mace a gabanta, sunan da ake fara laƙaba masa shi ne sanyi. Sai a nufi kemis a Wuse ko Nyanya, a sayi man shafawa, ya lafa na mako biyu, ya dawo. Akasari sanyin ne kuwa. Amma akwai wanda ke shafe watanni, ya zo da tabo fari ko ja ko baƙi, ko kaurin fata, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Wannan yana iya zama abin da likitoci ke kira VIN, wato sauyin ƙwayoyin fatar al'aura wanda bai kai sankara ba tukuna, amma yana iya rikiɗewa zuwa gare ta idan aka ƙyale shi.

Iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi yawa, ƙwayar HPV ce ke haddasa shi, musamman lamba 16, kuma shan taba da cutar HIV na ƙara masa ƙarfi. Na biyu ya fi samun matan da suka daina al'ada, yana tasowa daga wata daɗaɗɗiyar cuta mai sa fatar wurin ta yi fari ta sirance. Shi ne mafi saurin komawa sankara.

Gwajin bakin mahaifa da aka saba yi ba ya gano shi, kuma nan ne mata da dama ke ruɗuwa. Sai likitan mata ya duba wurin da na'urar ƙara girma, ya kashe zafi da allura, ya gutsuri ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Aikin na mintoci ne. Kunya ce ke mayar da shi na shekaru. Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada duk suna da sashen mata. Ma'aikaciyar da ke ƙarƙashin inshorar NHIA za ta fara ne daga asibitin da ta yi rajista, ta karɓi takardar turawa.

Maganin ya danganta da sakamako. Ana yanke wurin, ko a ƙona shi da hasken lesa, ko a ba da man imiquimod a riƙa shafawa har kimanin mako 16. Iri na biyu tiyata ake yi masa. Cutar takan dawo, don haka komawa asibiti ba ya ƙarewa da warkewar ɗinki.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta sanya rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta, allura ɗaya, kuma Babban Birnin Tarayya na cikin rukunin farko. An yayata ta ne don sankarar bakin mahaifa, amma lamba 16 na cikin ƙwayoyin da take karewa. Iyayen waɗannan yara kuwa sun wuce wannan zango, abin da ya rage musu shi ne dubawar likita.